Shuɗin Kwabo

A Mai Wurno, bayan tashar mota,
shagon Usta Jibirin na warin dalma da shayi.
Can na kai akwatin da ke tsaron firjinmu
washegarin da wuta ta dawo da fushi
bayan kwana uku ba ta leƙo mu ba.

Ya kwance kusoshi huɗu, ya hure toka.
Ya ce: Sittana, matso ki gani.
Wani abu kamar kwabo, shuɗi, mai ƙafa biyu,
ya tsage, gefensa ya yi baƙi ƙirin
kamar gindin tukunyar asida.

Ya ce: wannan aikinsa zama.
Tsakanin waya mai rai da 'yar'uwarta yake.
Muddin wuta na tafe a hankali
bai san ta ba, ba ta san shi ba.
Amma ranar da aradu ta faɗo kan turke,
kafin ki ƙifta ido ya buɗe ƙirji,
ya shanye rarar,
ya mai da ita zafi, ya yi gum.

Na ce: to me ya kashe shi?

Ya ce: kowane duka na barin tabo.
Cikinsa tsaba ce ƙanana, manne da juna,
duka ɗaya, wasu sun narke.
Daga nan sai yoyo, kaɗan-kaɗan,
ɗumi ya kira wuta, wuta ta kira ɗumi.
Don mari aka yi shi, ba don dako ba.
Na jiya kuwa ba mari ba ne.
Waya ce ta tsinke a taransifoma,
wuta ta cika ta batse ta ƙi janyewa
kamar Nilu a tsakiyar damina.

Mutuwarsu iri biyu ce, in ji shi.
Wani ya haɗe, ya ja fis su tafi tare,
gida ya yi duhu, kaya su tsira.
Naku ke nan, ki gode Allah.
Wani ya fashe, ya bar ƙofa a wangale,
fitilar akwati na nan kore shar,
kina barci, kina cewa akwai mai gadi.

Ya liƙa sabo, ya ƙi karɓar kuɗin hannu.
Tsohon na ƙulle a bakin tobina.

A hanya na tuna yaya Mudassir a Jidda,
shekara goma sha ɗaya yana shanye mana:
allurar sukarin Inna, kuɗin makaranta,
rufin da ruwa ya kwashe bara.
Duk Juma'a murya ɗaya,
lafiya lau, lafiya lau,
kore shar.

Daren nan na kira shi, ba Juma'a ba.
Ya ce lafiya lau.
Na yi shiru, ina juya kwabon a tafina,
har ya gaji da jira,
ya ja numfashi,
ya fara.