Gola Biyu, Hannu Biyu

Kakar wasa ta ƙare, fili ya koma na awaki,
ciyawa ta cinye layin da muka ja da toka.
Amma a teburin Haladu, can Dilimi,
ba a busa tashi ba.

Gola biyu gare mu, hannu mai lafiya biyu.
Kafaɗar Gyang ta goce a Bukuru,
Sallau yatsu uku a ɗaure da kara,
ko cokali sai da hagu.

"A sallame su," in ji Tanimu,
"akwai wani dogo a Rikkos, ko tsuntsu bai wuce shi."
Nanfa ya ce, "Da wane kuɗin?
Asusunmu ko buhun dankali bai saye."
"To a sayar da lamba tara."
"Fara sayar da babur ɗinka!"

Ni dai ina tuna fanaretin da Gyang ya ture,
ruwa na tsuga, ya miƙe da laka har gira.

Haladu ya kwashe kofuna, bai ce uffan ba.
Sallau ƙanensa ne.
Da dare na gan shi ya ɗora ruwa,
ba na shayi ba,
na gashin yatsu.