Kalmar da Haulatu Ta Kawo

Haulatu ta dawo da kalma a tafin hannu,
ta rubuta da biro don kada ta zube a hanya.
Ta ce, "Baba, malamin Turanci na son ma'anarta gobe,
da jimla biyu da ta zauna daram a cikinsu."

Na kashe injin walda, na ɗage baƙin gilashi.
Turancina na rasit ne da lambar mota,
sai muka buɗe ƙamus mai yagaggen bango.
Ya ce: a haɗe sosai. Ya yi shiru.

Haɗi sana'ata ce, shekara ashirin a Pantami.
Ƙarfe biyu ba sa yarda da juna sai sun sha wuta,
in sun haɗu kuma tabon na nan.
Ta ce ba wannan ba, Baba.
Malam ya ce daga saƙa aka aro ta,
da mutane ake faɗinta, iyali ko unguwa,
ba a faɗinta da ƙyaure.

To duba hular sanyin da Innarki ke yi wa jarirai.
Zare ɗaya ne, yana ta komowa yana riƙe kansa.
Ja shi ta baki, ƙeya za ta ji.
Ki tuna damunar da kwari ya cinye katangar Goggo Dudu,
kafin la'asar bulo ya zo, ba wanda ya ce ni na kawo.
Mu a nan sai mu ce ƙut da ƙut,
ko hanta da jini, ko a bar shi a zumunci,
wanda aka ce a ƙafa yake.

Ta rubuta ta farko a kan layinmu, harshe a waje.
Ta biyu ta tsaya tana cizon murfin biro.
"Kai da Baffa Sambo fa? Zan iya sa ku?"

Nono ɗaya muka sha.
Damuna uku ke nan ban taka Kumo ba,
saboda kunya huɗu na gona da wata tsamiya.

Na ce bar layin a buɗe tukuna.
Na wanke hannu da kalanzir, na nemo lambarsa.
Tana ta ƙara a can.
Haulatu na riƙe da biro, tana kallona.