Fenti Uku

Ni ne Sabitu, mai rubutun allo a Fagge,
shagona na bayan masu ɗinkin labule.
Da burushi nake ci, da jan fenti da shuɗi.
Duk mai kawo wa talaka ci gaba
sai ya fara biyowa ta ƙofata.

Shekarar da aka haifi Nafi'una
suka zo da farar mota mai dogon eriya,
da tambarin hannaye biyu a sarƙe.
Suka ce: rubuta RUWA DOMIN KOWA,
a ƙasa ka sa sunan waɗanda suka bayar,
kada harafi ɗaya ya karkace.
Na rubuta. Aka kafa shi a Bachirawa
gefen famfon burtsatse sabo fil.
An yi rumfa, an yi jawabi da tafinta,
an ɗauki hoto, har kunnena ya fito.

Wata goma sha ɗaya ruwa na zuba.
Sai wata 'yar roba, ba ta kai tafin hannu ba,
ta cinye can ƙasa inda ido ba ya kai.
Lambar wayar da ke jikin allon,
ni na zana ta da hannuna,
an kira, an kira, a kashe take.

Bayan damina uku wasu suka zo.
Suka ƙwanƙwasa allon, suka ce ƙarfen na da kyau,
shafe, ka sa SANA'A MAGANIN TALAUCI.
Keken ɗinki ashirin, bita kwana uku a otal,
shinkafa da kaza, da kuɗin mota.
Yahanasu mai awara ta samu ɗaya.
Kafin ta iya yanka wuyan riga
ruwan 'yan garuwa ya kwantar da autarta,
keken ya tafi a kuɗin allura.

Ba na zagin kowa.
Na ga yarinyar da ke riƙe da littafinsu,
ta durƙusa a tabarma ta sha kunu da mu,
ta koyi cewa sannu da aiki,
idonta ya yi ja ran da za ta tafi.
Sai dai wa'adinta wata shida ne,
talaucinmu kuwa ba shi da jirgin da zai kama.
Ta tambaye mu sau nawa muke ci a rana;
ba layi a takardar na "me ya lalace?"

Ran wata Talata, ana kiran la'asar,
sai ga Yahanasu a bakin shagona,
gwangwanin madara a ƙarƙashin mayafi.
Adashi suka yi, su goma sha bakwai.
Tasi'u ya tono robar a Ƙofar Ruwa,
kuɗinta bai kai na fentin allon farko ba.
Ta ce: shafe mana.
Ka sa jarka nawa ce, ka sa wa ke karɓa,
ranar da za a buɗe asusu gaban kowa,
da lambar Tasi'u, shi yana ɗagawa.
Na ce tambari fa? Ta ce na wa?
Na faɗi kuɗina, ta raba shi biyu,
ta ce sauran ka sha ruwa idan ka zo.
Tunda nake, ba a taɓa taya ni haka ba,
ban kuma taɓa auna layi da igiya
sau uku, kamar ranar ba.

Jiya na bi ta wajen a Adaidaita.
Layin jarkoki har bakin kwata,
ana faɗa kan wa ya riga wa.
Rana ta faɗo a kaikaice kan allon,
sai na ga tsohon rubutu na leƙowa
ta ƙarƙashin fenti biyu: DOMIN KOWA.
Direba ya ce, sauka za ka yi?
Na ce a'a, mu je,
akwai wasu masu farar mota
da ke jirana a shago.