Dubu Uku da Ɗari Biyu

Marwanu ya shigo shagona da la'asar sakaliya,
rungume da kwamfuta kamar mai kai yaro asibiti.
Ya aje ta kan benci, tsakanin dalma da kofin shayi,
ya ce, “Duba min wagga, Lauwali.
Ɗan Kano ya cuce ni.”

Sandunan ram guda biyu, baƙaƙe masu jan tukku.
Kwali ya ce dubu uku da ɗari biyu,
allo ya ce dubu biyu da ɗari da 'yan kai.
Buhun albasa huɗu ya kai kasuwa kafin ya mallake su,
ga bidiyon sunan gidan Alhaji Ƙwaire
kwana tara yana rarrafe, ya ƙi ƙarewa.

Na ce masa ba cuta ba ce.
Haka suke barin masana'anta, da dabaibayi a ƙafa,
kamar raƙumin da ya kwana a kasuwar Jega:
ƙarfin na nan, igiyar ma na nan.
Abin da kwali ya faɗa alkawari ne,
sai ka shiga ka karɓo da hannunka.

Tun ba ta gama buɗe ido ba na danna maɓalli,
na faɗa bayos, ɗakin da mai gida ba ya leƙawa.
Can ƙurya na tarar da eks-em-fi kwance.
Na tashe shi, wuta ta ɗan ƙaru,
kamar gishirin da ake barbaɗawa da yatsu biyu.
Na adana, na fito.

Baƙi ƙirin.
Fanka na juyi, allo ya yi gum.
Marwanu ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar.
“Mi ah hwaru? Ka kashe ta?”

Na ɓamɓare ɗan batir mai kama da kwabo,
na ƙirga talatin, na mayar da shi gurbinsa.
Ta farka ta manta duk abin da na gaya mata.
Sai na lura sandunan na manne da juna,
na raba su, gida na biyu da na huɗu.
Na sake shiga, na sake roƙo.
Ga ta nan fes, dubu uku da ɗari biyu!
Ya miƙe zai ɗauka, na riƙe masa hannu:
tashi daban, kai kaya gida daban.

Ana kiran magariba nepa ta ɗauke.
Na ja janareto, lita biyu bashi daga wurin Ɗanjimma.
Afrilu ne, kwanon rufi na mayar mana da ranar da ya sha.
Gwaji ya yi minti arba'in lafiya lau,
sannan jan layi ɗaya ya ɓullo,
ya kira ƙannensa.

Na rage ta zuwa dubu uku cif,
na sassauta mata linzami, sha shida ta koma sha takwas.
Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa,
sauro na nasu gwajin a idon sawuna.
Da asuba na duba: babu ja ko ɗigo.

Ya zo da hantsi, ya karanta, ya ɓata rai.
“Ɗari biyuna hwa?”
Na ce zafin Jega ya karɓi la'adarsa,
ka dawo da damina mu sake tambaya.
Ya biya rabi, ya cike da albasa.

Bayan ya fita na share benci.
Sama da kaina takardar kwaleji na rataye,
gilashin ya tsage tun bara,
an rubuta injiniya da ruwan zinare.
Shekara tara ke nan ina karanta kwalin nan.
Na tsaya da tsumma a hannu,
har wata yarinya ta leƙo da wayar da ta faɗa rijiya.