Abin da Ban Rubuta Ba

Ƙarfe uku a Helsinki, rana ta riga ta kwanta.
Ƙanƙara na narkewa daga takalman 'yan majalisa
tana barin tabo a kan daɓe.
Ni ce mai ɗaukar bayanin zaman kwamiti.
Shekara ashirin da shida ina wannan kusurwa,
bakina a rufe, yatsuna na magana.

Yau batun famfunan ruwa ne
da harajinmu ya kafa a tsaunukan Nepal.
Minista ya shigo da mutum biyar a bayansa
da littafi mai sheƙi:
yarinya na dariya a bango, ruwa na zuba mata a tafi.
Ɗari huɗu da goma sha biyu, in ji shi.
Na rubuta.

Sai Aulikki Rantanen ta cire tabarau.
Kafin kujerar nan shanu take tatsa a arewa,
har yau tana riƙe biro kamar hantsar saniya.
Bara aka rufe asibitin garinsu,
masu zaɓenta na tare ta a bakin kanti:
namu ya mutu, kina raya na wasu?
Ta ce, "Ban tambayi nawa aka kafa ba.
Nawa suka ba da ruwa yau da safe?"

Minista ya waiga ga na bayansa,
na bayansa ya duƙa ga takarda,
takarda ba ta da wanda za ta waiga.
Ya ce an cimma buri. Ya ce ana nazari.
Ya ce ɗorewa, sau bakwai, na ƙirga,
na kuma rubuta duka bakwai ɗin, aikina ke nan.

Mai shaida na ƙarshe injiniya ne, Ilmari Koskela,
siriri, kwat ta yi masa yawa.
Wata biyu yana taka ƙauyukan da ƙafarsa.
Ya ce ɗari da sittin da uku sun ƙafe,
alhali idon ruwa na nan da ransa.
Wata 'yar roba ce ta cinye,
ba ta kai kuɗin gahawar da ke gabanku ba,
kuma babu layi a kasafi mai suna gyara,
don gyara ba ya kyau a hoto,
ba a yanka masa ƙyalle.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ya laluba aljihu, ya aza ta a tebur,
baƙa, tsagaggiya, kamar zoben da aka taka.
Wata Phulmaya Tamang ce ta ba shi,
ta ce ya mayar wa masu famfon kayansu.
Ta koma gangara kwari tun asuba,
sa'a biyu zuwa, uku dawowa.

Shiru.
Dokar aikina ba ta san shiru ba,
ba shi da harafi.
Na ga wani ya ture kofinsa gefe.
Na ga Tuomo na 'yan adawa yana lasar leɓe:
"To a soke tallafin gaba ɗaya!"
Aulikki ba ta ko dube shi ba.
"Saniya in ta yi ɗingishi, Tuomo,
kofaton ake dubawa kafin a nemi wuƙa."

Shugaba ya kalli agogo.
Shawara ta goma sha ɗaya:
gwamnati ta ba da amsa cikin kwana sittin.
Na lissafa a gefen takarda,
sa'a ɗari uku ke nan a ƙafar Phulmaya.
Na goge. Ba wanda ya faɗe shi.

Da suka watse mai shara ya ɗaga robar,
ya ce ta waye?
Na ce tawa ce.

Tana jakata yanzu tare da makullin gida.
Da dare na murɗa famfon ɗakin girki,
ruwa ya zo tun kafin in saki hannu.
Na daɗe a tsaye,
kofin ya cika yana zuba.