Mai Haɗa Jini

Shekara talatin da ɗaya ina haɗa masa jini.
Ruwan sukari, jan rini, ɗan garin koko don ya yi duhu,
in shafa a haɓarsa, in ɗiga a gefen kunne,
shi kuwa ya yi tsit kamar yaro gaban wanzami.
Orrin Haskew, ɗan mahaƙin tagulla daga Montana,
ya sauka Hollywood da akwati ɗaya da karyayyen hanci,
hancin ne ma ya ci da shi.

Ba a taɓa ba shi budurwar fim ba.
Shi ne mugun nan da ke jingine da ƙofa yana sakace,
wanda ake harbewa tun labari bai yi nisa ba.
Ya faɗo daga doki, daga jirgin ƙasa, daga bene hawa tara,
sau arba'in da uku, ni na ƙirga.
Darakta na cewa a tsaya, sai gawa ta miƙe,
ta kakkaɓe wando, ta ce da ni, da sauran kofi?

Muna hamadar Arizona abin ya juya.
Rana ta take tsaka, jinina na tsinkewa a kwalba.
Ya zaga bayan dutse, ya daɗe.
Da ya dawo yana riƙe da takalmin yarinya, ƙafa ɗaya,
da gorar roba wadda aka tattaune bakinta.
Bai ce uffan ba.
Da yamma ya kwanta a rairayi ya mutu,
darakta ya ce bai taɓa yin mai kyan wannan ba.

Ya sayar da gidansa na bakin teku,
ya sayi tsohuwar a-kori-kura mai tari.
Kowace Asabar galan sittin,
ya jera su a gindin ƙaya, a hanyar masu tsallako iyaka da dare,
ya rubuta a jiki, da gurguwar Sifaniyancinsa:
sha, ka bar wa na baya.
Wasu suka bi da wuƙa suna farkewa. Ya sake kawowa.
Aka ci shi tara, wai ya zubar da shara.
Alƙali ya ce, kamar na san fuskar nan.
Ya ce, ƙila ka taɓa ganin an kashe ni.

Jaridu suka ce neman suna ne, bai musa ba.
Yakan sa kwat ya je liyafar masu hannu da shuni,
ya dafe ƙirji ya zube a kafet suna tafi,
ya tashi ya miƙa hula.
Kada ku ce waliyyi ne.
Mata uku sun gaji sun tafi,
ɗansa ba ya ɗaga waya,
ni kaina ina binsa dala ɗari huɗu.

A asibitin Tucson ƙoda ta gaza.
Likita ya hana shi ruwa,
sai jiƙaƙƙiyar auduga nake goga masa a leɓe.
Yana tsotsa yana tambaya, wa zai kai na Asabar?

Talata da asuba ya yi ta arba'in da huɗu.
Ba kiɗa, ba kalmar ƙarshe, baki a buɗe,
babu daraktan da zai karɓi irinta.
Na zauna da jakar kwalliya a cinya
ina jiran wani ya ce a tsaya.

Yanzu makullin motar na wurina.
Shekarata saba'in, giyar baya ba ta shiga,
galan ashirin kawai bayana ke iya ɗauka.
Makon jiya na tarar da ɗaya an sha rabi,
an rufe bakin da kyau,
an mayar da ita inuwa.