Faifai Ɗaya

Wata goma sha tara muka yi, ko shekara biyu ba mu cika ba.
Mu huɗu, sai motar Aldous mai tari
wadda ba ta tashi sai an tura ta gangaren Hexham.

Rhoda ta zo da waƙoƙin kakarta,
na masuntan da teku ta ci, na mahaƙan kwal
da ba sa ganin rana sai Lahadi.
Mu kuwa muka jona musu lantarki.
Tsofaffi suka toshe kunne,
wai mun sa wa gawa takalmin rawa.

Faifai ɗaya tak.
A ɗakin tumaki muka naɗe shi, rufi na yoyo kan gangata.
Kasa kunne a waƙa ta uku, za ka ji:
ɗis, ɗis. Ruwan ya fi ni riƙe kiɗa.

Ba faɗa ya raba mu ba.
Kuɗin haya ne, da sanyi,
da aikin malanta da mai gogenmu Fergus ya samu a Carlisle.
Rhoda ta yi shiru shekarar da aka rufe ramin kwal.

Jiya a kasuwa wata yarinya mai jan gashi,
jita a cinya, tana rera ta ukun nan.
Daidai inda ruwan ke ɗiga
ta buga ƙafa sau biyu.

Na ce, waƙar wane ce?
Ta ce, "Tsohuwa ce, baba, ba ta da mai ita."

Na jefa mata tsaba,
na wuce sayen albasa.